Bango Talatin da Fuɗu

'Ya'yana, kun taso kuna jin ana ce mini Baba Laburare, na kuma san kuna jin daɗin sunan. Duk inda kuka shiga a Tambuwal aka tambayi ɗan wane ne, kuka faɗa, sai a ce ai mutumin kirki ne, shekara talatin yana tsaron littattafai ba a taɓa kama shi da ɓatan ko da takarda ɗaya ba. Gaskiya ne ba a kama ni ba. A cikin tarihina da nake rubuta muku, wannan babi na abin da ba a kama ni da shi ba ne, kuma shi ne babin da na fi daɗewa ina jujjuya biro kafin in fara.

Karatuna na boko bai wuce firamare ba. Da shara na shiga makarantar horon malamai da na yi wa aiki, wadda ba zan ambaci sunanta ba, don laifin nawa ne, ba nata ba. Daga shara aka mayar da ni mai jera littattafai. Ban iya karanta abin da ke cikin yawancinsu ba, amma na san su kamar yadda makiyayi ya san shanunsa: wannan mai jan baya ne, wancan mai tabon shayi ne, wancan kuma kullum ɗaliban lissafi ke faɗa a kansa. A ƙuryar laburaren akwai ƙaramin ɗaki da muke kira ɗakin ajiya. Nan ake sa littattafai masu tsada waɗanda guda ɗaya tak muke da su, ba a fita da su, sai dai a karanta a mayar. Mabuɗin ɗakin yana hannuna shekaru da yawa.

Wata shekara, gab da dogon hutu na damina, aka ba ni galan na maganin ƙwari aka ce in feshe ɗakin ajiya kafin in rufe. A shekarar nan na shuka wake a gonar gadonmu ta Kebbe, tsutsa kuma ta fara taɓa shi. Na dubi galan ɗin, na dubi ɗakin da ban taɓa ganin ko kyankyaso a ciki ba, na ce ai littafi ba ya fure. Na ɗaure galan a bayan keke na kai tasha, na tafi da shi gona na feshe wakena. Waken ya yi kyau, har kun ci alalarsa, wasunku ba su ma yi wayo ba a lokacin. Da aka dawo hutu na buɗe ɗakin, sai na ga jar ƙasa ta bi jikin gini daga ƙasa har kantar sama, kamar an shafa da hannu. Na hau tsani na jawo littafi na farko, na ji shi sakayau. Gara ta shiga ta baya, ta cinye ciki, ta bar bango a tsaye cif, da rubutunsa na ruwan zinariya kamar ba abin da ya faru. Na ƙirga, talatin da fuɗu.

Da a ranar na tafi ofis na faɗa, da an yi mini faɗa, wataƙila a dakatar da ni wata ɗaya ko biyu, a wuce wurin. Amma za a tambayi galan. Sai na kankare ƙasar, na share, na samo kwalayen sabulu daga kasuwa na yanka su daidai girman kowane littafi, na jiƙa ƙaro na liƙe su a cikin bangon, na goga alli a gefen don ya yi kama da takarda. Na jera su a kantar sama, can inda sai da tsani. Idan ɗalibi ya nemi ɗaya daga cikinsu sai in ce an kai ɗinki, ko in ce wani malami na duba shi a ofis. Ɗalibi ba ya musu da mai furfura. Haka na yi shekara tara, har tsoron ya kwanta, na fara mantawa da kantar kamar yadda mutum ke mantawa da tsohon tabo.

Saura mini shekara ɗaya da rabi in ajiye aiki in fara karɓar fansho aka kawo mana sabuwar shugabar laburare, Malama Balkisu, 'yar Dogon Daji. Yarinya ce sa'ar babbar yayarku, mai fara'a, ba ta shiga ofis sai ta tsaya ta gaishe ni. Aka miƙa mata dukkan mabuɗai ta sa hannu, har da na ɗakin ajiya. Ba wanda ya san ina da wani da na yanka a kasuwa tun shekarar gara. A makonta na biyu ta kira ni ta juyo mini da fuskar kwamfuta.

"Baba, ka ga wanga? Kowane kwas za mu yi mai shafi nai a intanet. Ɗalibi na zaune gida ya buɗa waya, ya ga littattafan da malaminsa ka so ya karanta, da hoton kowane, da lambar kantar da yake. In yana nan, alama ta nuna kore. In an ara, ta nuna ja."

"To Malama, ni mi nika iya yi ga wanga aiki? Ko waya ta ɗiyana ka latsa mini."

"Kai ne aikin, Baba. Malamai za su ba ni abin da sunka rubuta a takarda. Kai za ka gaya mini abin da ɗalibai ka nema da gaske."

Ba wanda ya taɓa gaya mini irin wannan magana a makarantar nan. Na yi aikin da zuciya ɗaya. Muna zama da hantsi, tana kiran kwas ina kawo mata sunayen littattafai da ka, tana dariya tana cewa kaina ya fi kwamfutarta sauri. Jagorar karatu take kiran abin. Bayan na kwasa-kwasai ta yi wani shafi daban domin ɗalibanmu na ƙarshen mako, malaman firamare da ke zuwa daga ƙauyukan Kebbe da Fakku ranar Asabar da Lahadi. Ta rage nauyin hotunan shafinsu saboda ta san sabis ɗin can sai an hau tudu. Ta naɗi muryarta da Hausa tana bayanin yadda ake amfani da shi. Ta ce burinta kada wani ya sake ƙona mai ya sha hanya don littafin da ba ya nan.

Sai ranar ɗaukar hoto ta zo ɗakin ajiya. Ta sa mabuɗi ta buɗe ƙofar. Ta kama tsani za ta hau, na tare ta na ce ya tsufa, ni na san inda ake taka shi. Na hau, ina sauko da su ɗaya bayan ɗaya, in riƙe kowanne a gaban taga da hannu biyu, in danne bakinsa da babban yatsa don kada ya buɗe, ta ɗauka da waya, in mayar. Zufa ta jiƙa mini riga har ta ce ko mu huta. Na ce a'a, mu gama. Sau talatin da fuɗu na ɗaga mata kwalin sabulu tana cewa, "Yauwa Baba, ɗan karkato shi wajen haske." Da muka fito ta kulle ɗakin ta sa mabuɗin a jakarta, ta yi mini godiya.

Ranar ban iya cin tuwo ba. Innarku Hajo, Allah ya jiƙanta, ita kaɗai ta san zancen, don ita ta jiƙa mini ƙaron tun farko ba tare da ta san na mene ne ba, daga baya na gaya mata. Ta ɗauke kwanon ta zauna nesa da ni kaɗan.

"Malam, da can ƙaryarka na cikin ɗaki guda, kai ka riƙe da mabuɗi. Yanzu ka ce kowa na ganinta ga waya?"

"Ba mai hawa kantar nan. Shekara tara ba a hau ba."

"Shekara tara ba a tallata ta ba. Ka tafi gobe ka gaya ma yarinyar nan. Ɗiyar mutane ce, tana ganin girmanka."

"In na faɗi, fansho fa? Ɗiya bakwai, Hajo."

"To ka zaɓa. Amma ni ban ga inda anka dafa tsoro anka ci ba."

Ban je ba. Aka buɗe shafukan, ɗalibai suka yi ta murna, malamai suna shigowa laburare suna yi wa Malama Balkisu barka. Ni kuwa duk wanda ya shigo riƙe da waya a hannu sai gabana ya faɗi. Na koyi gane kalar kore daga nesa. Sau biyu ɗaliban cikin gari suka nemi littafin kantar sama, na lallaɓa su da wani mai kama da shi kafin su isa teburinta. Sai kuma ta fara zancen cewa idan an sayo na'ura za ta ɗauki hoton shafukan ciki na littattafan ajiya, babi babi, ta sa a jagorar. Kullum da safe sai in leƙa ofishinta in ga ko an kawo wani sabon kwali. Na rame har abokan aiki suna tambaya ko ciwon suga ne.

Cikin tsakiyar damina, wata Asabar da Malama ta tafi taro Sakkwato, wani ɗalibi ya shigo da wandonsa naɗe zuwa gwiwa, laka har ƙeya. Sunansa Malam Shehu, yana koyar da 'ya'yan makiyaya a wata makaranta can bayan Kebbe. Yana aikinsa na kammala karatu ne, malaminsa ya ce lallai sai ya duba wani littafi kan koyar da ƙidaya ga yaran da ba su zama wuri ɗaya. Ya miƙo mini waya yana murmushi. Na ga bangon, shuɗi mai farin layi, na ga yatsana a gefensa, na ga alamar kore.

"Baba Laburare, ka gani, yana nan. Kan tudun makabarta na hau na samu sabis. Rafi biyu na ƙetara, na biyun sai da Fulani sunka taya ni ɗaga babur."

"Sannu Malam. Sai dai ɗakin ajiya ne, mabuɗi na wajen Malama, ta kuwa yi tafiya."

"Assha. To Asabar mai zuwa tana nan?"

"Tana nan."

"Littafin dai yana nan ko, Baba? Don hanyar nan ba ta wasa ba ce."

"Ba ka ga waya ta nuna ba? Yana nan."

Mabuɗina yana cikin aljihuna ina ji yana taɓa cinyata. Da na ce masa kada ya dawo, ko da ban faɗi dalili ba, da ya isa. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallonsa yana tayar da babur, ina lissafin cewa ina da kwana bakwai in san dabarar da zan yi. Kwana bakwai suka wuce ban samo komai ba. Ranar Juma'a aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Asabar na zauna ina kallon ƙofa, ina addu'ar Allah ya sa kada ya zo. Ina so ku ji wannan da kyau: da bakina na roƙa kada ya zo. Bai zo ba. Da azahar abokan karatunsa suka kawo labari cewa rafi na biyu ya ture shi, babur ya danne masa ƙafa a kan dutse, cinya ta karye, an kai shi wurin mai ɗori.

Malama Balkisu ta yi kuka da ta ji. Ta ce ranar Litinin za ta nemi izini a fitar da littafin a aika masa har gida ya karanta yana kwance. Ranar Lahadi da hantsi, ana tsakiyar lacca, laburare ba kowa, na buɗe ɗakin ajiya da mabuɗina, na zuba bango talatin da fuɗu a buhun masara, na kulle, na bi ta bayan katanga. A bayan gidanmu na ƙone su, inda kuke zubar da toka. Hajo ta tsaya a ƙofar madafa tana kallo.

"Mi kaka ƙonewa, Malam?"

"Kin sani."

"Na sani. So nika yi ka ji da kunnenka. Yanzu wa za a tambaya?"

Na tura sauran bangon cikin wuta. Na san amsar, kuma ita ma ta sani.

Litinin Malama ta buɗe ɗakin ta ga kantar sama wayam. Ita da kanta ta kai rahoto ofis. Aka kafa kwamiti na mutum biyar, yawancinsu dattawan da tun farko ba su son zancen intanet ɗin nan. Aka kira mu tare. Wani daga cikinsu ya ce shi yana zargin littattafan ba su taɓa kasancewa ba, hotuna ta kwaso a intanet don a ce ta yi aiki. Ta yi sauri ta buɗe waya ta faɗaɗa hoton ta zagaya da shi gaban kowa.

"Ku duba, ga tagar ɗakin. Ga yatsan Baba. Shi ya riƙe mini su duka. Baba, don Allah gaya musu."

Shugaban kwamitin ya juyo gare ni.

"Malam Ummaru, yatsanka ne?"

"Nawa ne, ranka shi daɗe."

"Ranar nan suna kan kantar sama?"

"Suna nan. Ni na sauko da su, ni na mayar."

"Tun daga ranar mabuɗi na hannun wa?"

"Yana hannun Malama."

Ba kalma ɗaya ta ƙarya a cikin abin da na faɗa, kuma ban taɓa yin ƙarya mai girman wannan ba. Na ga fuskarta ta saki da ta ji na gaskata ta, sannan a hankali na ga ta gane inda shaidar tawa ta kai ta. Ba ta zarge ni ba. Ko kallon zargi ba ta yi mini ba, abin bai zo mata a rai ba sam. Da muka fito har ta ce mini, "Na gode Baba, ka dai faɗi gaskiya." Aka ba ta takardar tuhuma, aka ce littattafai sun ɓace a hannunta ta kuma bar alama kore tana yaudarar ɗalibai. Ba a kore ta ba, amma an cire ta daga laburare, gari kuma ya ɗauka cewa sayarwa ta yi. Kafin ƙarshen shekara ta ajiye aikin da kanta. Aka rufe shafukan gaba ɗaya, har da na 'yan Kebbe mai muryarta. Malam Shehu bai kammala a shekarar ba, ƙafar kuma ta ɗoru a karkace. Ni na ajiye aiki da walima da jawabai.

Hajo ba ta sake tayar da zancen ba har ta rasu, amma daga ranar ba ta sake kirana Baba Laburare ba, alhali da can da shi take zolayata. Na ɗauka tsoro zai tafi idan na bar makarantar. Sai ya canza kama. Da ina tsoron a gane, yanzu na koma tsoron in mutu ba a gane ba.

Bara, ranar kasuwar Tambuwal, ina tsugune wurin masu albasa na ji an ce, "Baba Laburare!" Na ɗaga kai na ga mutum da sanda yana jan ƙafa, furfura ta fara fito masa. Malam Shehu ne. Ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya tambayi iyali, ya ja ni rumfar mai goro ya saya mini. Muna zaune a benci ya buga sandarsa a ƙafar.

"Ka ga abin da matar nan ta bar ni da shi. Ta sayar da littafi ta bar mu muna bin kore. Wallahi Baba, duk sanyin damina in ƙafar nan ta motsa sai na ce Allah ya isa tsakanina da ita. Ban taɓa fashi ba."

Shekara da shekaru mutumin nan yana aika Allah ya isa, yana sa sunan da ba shi ba, Allah kuwa da ake aika wa ya san mai ita. Duk tsoron da na ji a gaban kwamiti bai kai rabin na bencin nan ba. Na ji bakina yana magana kafin in ba shi izini. Na faɗa masa galan, da wake, da kwalin sabulu, da mabuɗin da ke aljihuna ranar da ya tambaye ni ko littafin yana nan. Bai katse ni ba. Kafin in gama, mai goro ma ya daina yayyafa wa kayansa ruwa.

"Ke nan ran da na zo, kana iya ce mini kada in dawo."

"Ina iyawa."

Ya dafa sanda ya miƙe da ƙyar. Na ce ya yafe mini. Ya gyara hularsa bai dube ni ba.

"Tawa ƙafa ce, Baba, ni da kai muna iya zama wata rana. Amma ka sa na zalunci baiwar Allah da bakina kowace damina. Sai ka samo ta, ka kai ni in roƙe ta. Kafin nan ba ni da abin da zan ba ka."

Na aika Dogon Daji, aka ce ta yi aure ta bi mijinta kudu, danginta kuma da suka ji daga makarantar nan ake nema suka ƙi ba da lamba. Ban ga laifinsu ba. Na sake aikawa da sunana ni kaɗai, har yau shiru. Idanuna sun yi rauni, tafiya mai nisa ta fi ƙarfina, kuma watan jiya na je jana'izar sa'o'ina biyu.

Saboda haka ga abin da nake so daga gare ku, kuma ba bayan raina ba, yanzu. Ku da kuka iya waya, ku ɗauki hoton shafukan babin nan ku sa inda mutanen makarantar nan za su gani, da sunana cikakke, Ummaru mai jera littattafai. Na san za ku ji kunya a gari, ku yi haƙuri, bashin kunyar nan ya daɗe a wuyan wadda ba ta ci ba. Wani zai gani ya tura wa wani har ya isa hannunta. Idan ta kira, ku kawo mini wayar ko ina masallaci ne. Idan ta ce ba ta yafe ba, kada wanda ya roƙe ta a madadina. Ku dai karɓi lambar, ku hau babur ku kai wa Malam Shehu, ku bi ta hanyar tudu ko da ta fi nisa, kada ku ƙetare rafin nan.